An Ɗinka Riga, Amma Wa Aka Auna?

A ranar 8 ga watan Mayu na shekarar 2025, hukumar da ke kula da abinci da magunguna ta ƙasar Amurka ta ba da izinin sayar da waɗansu magunguna biyu da ake sha tare, avutometinib da defactinib, domin wani nau'in ciwon daji mai kama ma'ajiyar ƙwan mace. Na biyun, watau defactinib, shi ne na farko da aka taɓa amincewa da shi cikin magungunan da ke ɗaure hannun wani inzayim na jikin ɗan Adam, wanda masana suka taƙaita sunansa da haruffa uku, FAK. Irin wannan labari idan ya iso ƙasarmu tsirara yakan iso, ba riga ba wando, wai an samo maganin daji. Nan da nan sai 'yan boko su rabu. Waɗansu su hau tafi, sai ka ce gobe da safe za a sauke maganin a kemis ɗin bakin kasuwar Wurno. Waɗansu kuwa, har da 'yan'uwanmu masu zafin ra'ayi, su taɓe baki su ce wannan shagalin masu ƙoshi ne, mu da ba mu gama da zazzaɓin cizon sauro ba ina ruwanmu da wani inzayim. Muna da magana da kowannensu, amma sandarmu ta fi nauyi a kan mahukunta, waɗanda tafin da taɓe bakin duk suka yi wa daɗi, tun da babu wanda ke tambayarsu kome a cikin biyun.

Bari mu fara da sanin abin da ake gardama a kansa. Jikin mutum gini ne na ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma mafi yawansu ba a sake suke ba. Kowace ƙwaya tana ɗaure a turkenta kamar akuya a tsakar gida. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗa ta zaruruwan furotin, ita kuma ƙwayar tana da igiyoyi, waɗanda ake kira intagirin, da take kama shimfiɗar da su. To, daidai inda igiya ta haɗu da turke, ta cikin ƙwayar, nan FAK yake zaune. Inzayim dai sinadari ne mai sa wani aiki na jiki ya gudana da hanzari, aikin wannan kuwa ya yi kama da na jakada a tsarin sarautarmu na dā. Shi ke kai rahoto fada, watau cibiyar ƙwayar, cewa igiya tana nan, muna gida, lafiya lau. Muddin rahoton yana zuwa, ƙwaya tana rayuwa tana hayayyafa. Ran da igiya ta tsinke jakada ya yi shiru, lafiyayyar ƙwaya kashe kanta take yi. A 1994 masani Steven Frisch ya raɗa wa wannan mutuwa suna daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar rashin gida. Wannan doka na cikin abin da ke hana ƙwayar mafitsara ta bi jini ta je ta kafa gida a hanta.

Jakadan yana da aiki na biyu. Ƙwaya idan za ta yi tafiya, kamar wajen warkar da rauni, kama gaba take yi ta saki baya, ta sāke kamawa ta sāke saki, FAK kuwa yana da hannu a wannan sakin. A 1995 masana a Japan suka samar da ɓeraye waɗanda aka cire musu shi. Tun suna ciki suka mutu, da aka duba ƙwayoyinsu sai aka tarar turaku sun yi musu yawa, sun manne sun kasa motsi.

Ƙwayar daji akuya ce da ta koyi tsinke igiya ba ta mutu ba. An tarar a daji iri-iri, na nono da na hanji da na ma'ajiyar ƙwai da sauransu, jakadun nan suna ninkuwa, suna ta kai rahoton ƙarya fada cewa ana gida, alhali ƙwayar ta yi nisa cikin jini tana neman inda za ta yada zango. Abin da ya fi kashe mai ciwon daji kuwa shi ne wannan yaɗuwar. Saboda haka dabarar masana a fili take: a toshe bakin jakadan ƙarya, fada ta gane gaskiya, ƙwayar ta cika umarnin mutuwa.

A baki abu mai sauƙi. Amma masu tafi su saurari yadda aka sha wuya. A 1992 aka gano inzayim ɗin, Michael Schaller da Thomas Parsons a Jami'ar Bajiniya, da Steven Hanks a Jami'ar Vanderbilt, duk a Amurka. Kamfanin Pfizer ya haɗa sinadarin da ya zama defactinib, sa'an nan a 2012 ya miƙa shi ga wani ƙaramin kamfani mai suna Verastem. Aka gwada shi shi kaɗai a kan mutum 344 masu wani mugun daji na tantanin da ke lulluɓe huhu, irin wanda ƙurar asbesto ke jawowa. A watan Satumba na 2015 aka tsai da gwajin, domin waɗanda suka sha maganin ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar banza daɗewa ba. Darajar kamfanin a kasuwa ta faɗi warwas. Da a nan ne, da tuni an naɗa kwamitin bincike, an rufe fayil, an ce asarar kuɗin gwamnati.

Su ba su rufe ba. Duk wanda ya taɓa farautar gafiya ya san ba ta da rami ɗaya. Ka hura hayaƙi ta nan, ta fice ta can. Masana suka lura cewa idan aka toshe wa daji wata babbar hanyar saƙo, wadda wata ƙwayar gado mai suna KRAS ke tsaye a bakinta, sai ya ta da FAK ya tsere ta nan. Ashe defactinib ba mai hura hayaƙi ba ne, mai tsare ramin baya ne. Sai aka haɗa shi da avutometinib, wanda asalinsa daga kamfanin Chugai na Japan ne, aka gwada haɗin a asibitin Royal Marsden na Landan, daga bisani aka faɗaɗa gwajin zuwa asibitocin Amurka da Turai. Daga gano jakadan zuwa samun izini, shekara 33.

Me aka samu bayan shekara 33? Izinin ya dogara ne a kan mata 57. Cikinsu kashi 44 bisa ɗari, watau mata 25, ƙarin da ke jikinsu ya ragu sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da aka riga aka gwada mata wasu magunguna ciwon ya dawo, amma raguwa daban, warkewa daban. Izinin ma na wucin gadi ne, da sharaɗin babban gwaji ya tabbatar da amfanin. Maganin yana da nasa illoli, ga ido, ga fata, ga hanta, ga tsoka, yana kuma cutar da ɗan tayi. Ba kowace mai dajin ma'ajiyar ƙwai aka yi wa shi ba, sai mai wani nau'i da ba shi da yawa, mai tafiya a hankali, cikin su ma sai wadda aka yanki tsokar ƙarinta aka auna aka ga KRAS ɗinta ya gurɓata. Kuɗinsa kuwa, kamfanin ya sa dala 48,500 na kwana 28. A canjin 2025 ya haura naira miliyan 70. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a 2024, sai ya yi sama da shekara 80 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi na wata guda. 'Yan'uwanmu sababbin ma'aikata da ke karanta wannan mujalla a sakatariya su ɗauki alƙalami su lissafa nasu.

Abin lura a nan ya wuce tsada. Maganin daji na wannan zamani ya bar zama gwanjo da kowa zai zura. Ɗinkin tela ne, tela kuwa sai ya auna kafin ya yanka. Wanda ba a auna ba, ko kyauta aka ba shi rigar, ba ta shigarsa. To, wa ya auna mu?

Mu dawo gida mu gani. A 1992 ɗin nan da aka gano FAK, a shekarar aka ƙaddamar da madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala tun 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Ba mu zo zagin dam ba. Shinkafa da albasa da tafarnuwar da ake nomawa daga Goronyo zuwa fadamun Wurno, su suka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Amma kowane injiniya ya san abin da kwantaccen ruwa ke haifarwa. Ghana ta gani bayan da ta datse Kogin Bolta a Akosombo a 1965, Senigal ta gani bayan dam ɗin Diama na 1986: inda ruwa ya kwanta, katantanwa takan yaɗu, inda ta yaɗu tsargiya takan biyo baya. Tsutsar takan fito daga katantanwa ta huda fatar yaro mai wanka, ko manomi mai dashe, ko masunci, ko mace mai wanki, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Waɗansu ƙwayayen su fita da fitsari da jini, waɗansu su maƙale a bangon mafitsara su zama gyambon da ba ya warkewa. Gyambon shekara ashirin, talatin, shi ke rikiɗa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Theodor Bilharz ya ga tsutsar a Alƙahira tun 1851. A 1911 wani likita mai suna Ferguson ya danganta ta da dajin mafitsara a Masar. A 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum daji, sahu ɗaya da taba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun sha wallafa cewa dajin mafitsara yana sahun gaba cikin dajin da ke kama maza a wannan yanki, cewa mafi yawansa irin wanda ke tafiya da tsargiya ne, kuma marasa lafiyar sukan zo ne bayan aikin gama ya gama. A Turai ciwon tsofaffi ne masu shan taba. A nan magidanta yake ɗauka, masu ƙarfi a jika, waɗanda gida da gona ke wuyansu. A ƙauyukanmu kuwa har yanzu akwai inda yaro in ya fara fitsarin jini sai a yi murmushi a ce ya fara zama namiji. Kaico!

Maganin tsutsar yana nan tun shekarun 1970. Sunansa praziquantel, ana sha sau ɗaya, a auna tsawon yaro da sanda a ba shi gwargwadonsa. Kamfanin Merck na Jamus ya yi alkawarin ba da har ƙwaya miliyan 250 kyauta kowace shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ya hana sāke kamuwa, don haka sai an maimaita, sai kuma an samar da rijiyoyi da makewayi. Masar ta dage a kan haka, irin wannan daji ya ragu ƙwarai a asibitocinta. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Ga magani na miliyan 70 da ba mu iya saye, ga na kyauta da ba mu iya rabawa yadda ya kamata. Na farko laifin kasuwa ne. Na biyun laifin wa?

A nan masu taɓe baki za su ce, ai maganarmu ke nan, a bar inzayim a raba ƙwaya. Ba mu yarda ba. Ƙwayar kyauta yaron da ke iyo a fadamar Rabah yau za ta cece shi. Ubansa fa, wanda ƙwan tsutsa ya kwana talatin ɗin shekaru a mafitsararsa? Kashe tsutsa ba ya mai da daji baya. Dubban irinsa suna nan tafe zuwa Sakkwato a shekaru masu zuwa, ko an raba ƙwaya ko ba a raba ba, kuma abin da zai taimake su yana hannun mai bincike. Ga wani abu da ya kamata ɗaliban likitanci su riƙe. A 2015 masana a Jami'ar Edinbara suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa FAK yakan shiga har cikin fada ya sa a kirawo waɗansu ƙwayoyi masu kwantar da dakarun garkuwar jiki, kuma da aka ɗaure shi dakarun suka farka suka far wa ƙarin. Dajin da suka yi aikin a kansa shi ne mai ƙwayoyi fale-fale kamar ɓawon kifi. Dajin mafitsara na tsargiya ma daga wannan dangi yake. Ɓera ba mutum ba ne, fata kuma ba mafitsara ba ce, babu mai hankalin da zai rubuta wa manomi defactinib a kan wannan. Amma tambaya ce da ta cancanci ɗakin bincike, kuma kamfanin da ke Amurka ba shi da dalilin yinta, tun da masu ciwon ba su da dala. Idan za a yi ta, inda marasa lafiyar suke nan za a yi.

Masu cewa bincike mai zurfi ba namu ba ne, tarihi ya ƙaryata su. Dajin muƙamuƙi na yara wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 yana cikin na farko da aka warkar da magani zalla, kuma Farfesa Victor Ngu na Ibadan yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda wannan aiki. Ƙwayoyin da aka ɗauka daga jikin wani yaro a asibitin Ibadan a 1963 har yau suna raye suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, ana gwada magunguna a kansu. Jikinmu ya daɗe da shiga wannan ilimi, mu ne ba mu bi shi ba. In kuwa Ibadan ta yi nisa, ga kabari nan a Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, yana cikin ribaɗi da yaƙi ya samu sukunin rubuta littattafai kan maganin basur da na ciwon ido. Da Baturen nan Clapperton ya zo a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita, a zuwansa na biyu ma har Magarya ya bi shi. Mutumin da ke tsaron iyaka bai ga neman ilimin magani shagali ba, sai mu jikokinsa masu digiri?

Akwai kuma shaidar cewa rigar tela takan iso, amma inda aka yi awo take sauka. Imatinib, maganin da ya yi suna wajen ɗaure inzayim guda, ya samu izini a 2001 domin wani dajin jini. Tun 2003 aka fara ba da shi kyauta a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da sharaɗin gwaji ya tabbatar mutum yana da gurɓacewar da maganin ke nema. Shekaru da dama mara lafiya daga kowace kusurwa ta ƙasar nan can yake niƙar gari ya tafi. Ife ba ta fi mu kuɗi ba. Likitoci ta samu da suka tsaya suka kafa ɗakin gwaji da littafin rajista, mai bayarwa ya ga inda zai ajiye kayansa.

Mun san abin da ke sa gaban mutanenmu faɗuwa in an ambaci gwajin magani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan wanda aka sa yara kimanin 200 a cikinsa a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ba mu manta ba, kada kuma a manta. Sai dai abin da ya ba da ƙofar ɓarnar Kano shi ne rashin masu sa ido na gida masu ilimi da iko. Al'ummar da ba ta da masananta, ko a yi gwaji a kanta ba da saninta ba, ko a yi gwaji ba da ita ba. Dukansu mun ɗanɗana.

Yanzu ga mahukunta. A Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 bisa ɗari na kasafin kuɗi. A gidanmu aka sa hannu, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cikawa ba. Ƙiyasin 2022 ya ce mutum wajen 128,000 suka kamu da daji a Nijeriya a shekarar, wajen 80,000 suka mutu, amma ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistocin 'yan birane kaɗan. Masuncin da ya mutu a bukkarsa a bakin Rima, aka ce ciwon mara ne ko sammu, ba ya cikin lissafin kowa. Manyanmu suna son sayen na'ura mai tsada domin akwai kwangila a ciki, akwai yanka ƙyalle, akwai hoto. Firij ɗin ajiye tsoka, da sinadarin rina ta, da albashin magatakardan rajista, da man babur ɗin mai kai magani makaranta, babu hoto a cikinsu. In ciwon ya zo kansu kuwa, jirgi suke hawa zuwa Alƙahira ko Landan ko Indiya, a auna musu kowace ƙwayar gado da kuɗin baitulmali. Sun san darajar awo sarai. Mu ne suka ga ba mu kai a auna ba.

Ga abin da muke nema. Duk tsokar da aka yanko daga mafitsarar mutumin Wurno ko Rabah ko Goronyo, a adana ta da izinin mai ita, da sunan garinsa da sana'arsa da ruwan da yake shiga, a kuma ba malamanmu da ɗaliban manyan digiri kuɗin bincike daga asusun TETFund su duba FAK da 'yan'uwansa a cikinta. Rajistar daji ta fita daga harabar asibiti ta bi hakimai da dagatai har ƙauye. Rabon praziquantel kuma kada ya tsaya a firamare, domin yaran da suka fi kwana a ruwa da yawansu a makarantar allo suke, ko a bayan shanu, ko a cikin kwalekwale. Babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa a tura shi a leƙa mafitsararsa, kada a ba shi ƙwaya a sallame shi.

Namu kason ba sai mun jira kowa ba. Muna roƙon majalisar ƙungiyar ɗalibai, a zamanta mai zuwa, ta karɓi ƙudurin cewa ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomin nan uku su haɗu da ɗaliban likitanci da na kimiyyar gwaje-gwaje a hutun ƙarshen shekara, su nemi iznin iyaye da na hukumomin lafiya, su bi garuruwan bakin gulbi da 'yar takardar gwajin jini a fitsari, su miƙa masu ciwo asibiti, su kawo mana adadin gari-gari mu buga a wannan shafi. Kuɗin da aka saba kashewa a daren rawa na makon al'adu ya isa sayen takardun da man mota.